Kwana goma a mota a gaɓar tekun Ayilan da Wels: me zai yiwu, me za a bari?

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Manchesta da iyalina, ina aikin jinya. Mahaifiyata za ta zo mana daga Kano a watan Agusta, lokacin yara ma suna hutun makaranta. Ina son in ɗauke su a motata mu zagaya bakin tekun Ayilan gaba ɗaya, mu dawo ta Wels. Kwana goma nake da su. Ni da mai ɗakina fasfon Najeriya gare mu da izinin zama a Birtaniya, Hajiya kuma da bizar ziyara za ta zo. Zai yiwu? Ta ina za mu fara, kuma yaya za mu yi da abinci da salla?"

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo Hajiya lafiya, ya sa albarka a wannan niyya taka. Idan na fahimce ka, mota ɗaya ce, a cikinta akwai dattijuwa da yara, direba kai kaɗai ko kai da mai ɗakinka, kuma kana son ganin gaɓar ƙasashe biyu da teku ya raba cikin kwana goma. Tafiyar za ta yiwu, har ta yi armashi. Zagaye Ayilan kaf ne ba zai yiwu ba, kuma ko da zai yiwu ba zan ba ka shawarar yi da Hajiya a mota ba. Na yi shekaru ina aiki a Bangor, arewacin Wels, tashar jirgin ruwa ta Holyhead na kusa da ni, na sha shirya wa 'yan'uwa irin wannan zagaye, wani lokaci ni ke tuƙa su. Waɗanda ke dawowa da labari mai daɗi su ne waɗanda suka kwana biyu a wuri ɗaya kafin su ɗaga. Masu sauya masauki kullum kuwa, abin da suke tunawa shi ne ɗaure kaya da kwance kaya.

Ga dalili. Hanyar yawon shaƙatawa da Ayilan ta buɗe a 2014 a gaɓarta ta yamma, wadda suke kira Wild Atlantic Way, tsawonta kusan kilomita 2,500 ne, daga zirin Inishowen a Donegal har garin Kinsale a kudu. Ta fi zuwa Legas daga Kano da komowa, kuma yamma ce kaɗai, ba a sa gabas da arewa a lissafi ba. A taswira tsibirin ƙarami ne, amma gaɓar yamma ziri-ziri take: ƙasa ta miƙe cikin teku, teku ya kutso cikin ƙasa, kowane ziri sai ka shiga har ƙarshensa sannan ka fito. Hanyoyin kuma hawa-hawa ne. Masu harafin M manyan tituna ne irin na Ingila, masu N suna da kyau galibi, amma abin kallon yana kan masu R da L, waɗanda katangar dutse ta matse su hagu da dama, ga kwana a kan kwana, ga tarakta, ga tumaki kwance a kan kwalta. A irin waɗannan hanyoyi ni ina lissafin kilomita 40 zuwa 50 a awa, duk abin da taswirar waya ta ce kuma ina ƙara masa kashi ɗaya cikin uku.

Takardu kafin komai

Nan ne mutanenmu suka fi tuntuɓe. Yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin Birtaniya da Ayilan ta 'yan ƙasashen biyu ce kawai. Izinin zamanka a Birtaniya ba ya buɗe maka ƙofar Jamhuriyar Ayilan, bizar Hajiya ma haka. Akwai tsarin da Ayilan ke yafe wa masu bizar ziyarar Birtaniya daga wasu ƙasashe, amma Najeriya ba ta cikinsu. Bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ita ma ba ta aiki, domin Ayilan tana Tarayyar Turai amma ba ta cikin Shengen. Saboda haka duk mai koren fasfo a motar nan yana bukatar bizar ɗan gajeren zama ta Ayilan, mai harafin C. Idan cikin yaran akwai mai fasfon Birtaniya, shi ba ruwansa.

Kai da mai ɗakinka daga Ingila za ku nema, ta intanet ake fara cike takardar. Hajiya kuwa ƙa'idar ita ce mutum ya nema daga ƙasar da yake zaune, wato daga Najeriya, inda ofishin jakadancin Ayilan yake a Abuja. Ma'ana sai bizar Birtaniyarta ta fito, sannan a nemi ta Ayilan, duka kafin ta hau jirgi. Hukumar ta saba cewa a sa ran amsa cikin mako takwas, ana kuma iya nema tun wata uku kafin tafiya. Ka ƙirga daga Agusta ka koma baya, za ka ga cewa aikin na watan Mayu ne. Ni ba lauyan shige da fice ba ne, dokokin nan kuma suna sauyawa, don haka ka tabbatar a shafin hukumar shige da ficen Ayilan a ranar da za ka nema.

Wani zai ce maka ka bi ta Belfast, tun da Ayilan ta Arewa ɓangaren Birtaniya ce kuma babu shinge a kan iyaka. Gaskiya ne babu shinge, amma doka tana nan, 'yan sandan Ayilan kuma suna tsayar da motoci su duba takardu. Mutumin da izinin zamansa da aikinsa suka rataya a kan tsabtar takardunsa bai kamata ya yi caca da su saboda hutun kwana biyar ba. Idan bizar Hajiya ba ta fito ba, ku ba Wels kwana goman duka. Ba za ku yi asara ba, zan nuna maka a ƙasa.

Batun mota da sauƙi. Lasisinka na Birtaniya yana aiki, inshorar motar Birtaniya tana rufe mafi ƙarancin abin da doka ta nema a Ayilan, amma ka kira kamfaninka ka ji ko cikakkiyar inshorar taka tana tsallaka teku tare da kai, ka kuma tambayi masu janye mota idan ta lalace ko yarjejeniyarku ta haɗa da Ayilan. Masu karatu da za su zo daga gida su yi haya, su lura da abu biyu: yawancin motocin haya a Ayilan masu giyar hannu ne, otomatik ta fi tsada kuma tana ƙarewa da wuri a lokacin bazara, sannan kamfanoni da yawa ba sa barin a sa motarsu a jirgin ruwa sai da takarda da ƙarin kuɗi. Ya fi sauƙi a yi haya biyu, ɗaya a kowace ƙasa. Ƙasashen biyu ta hannun hagu ake tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun Afrilun 1972, don haka wanda bai saba ba ya fi shiga haɗari da safe lokacin fitowa daga masauki zuwa hanyar da ba kowa, da kuma a shataletale.

Shiga ta arewa, fita ta kudu

Abin da ya sa wannan tafiya ta yi kyau a mota shi ne jiragen fito suna ba ka damar yin da'ira ba tare da ka maimaita hanya ba. Daga Holyhead zuwa Dublin awa uku da 'yan mintoci ne, Irish Ferries da Stena Line duk suna yi. Daga Rosslare a kudu maso gabashin Ayilan kuma akwai jirgin Stena zuwa Fishguard, kamar awa uku da rabi, da na Irish Ferries zuwa Pembroke Dock, kamar awa huɗu. Ka shiga ta Holyhead, ka fita ta Rosslare, ka sauka a kudancin Wels ka hauro gaɓa zuwa arewa, daga nan titin A55 ya mayar da kai gida. Ka ɗauki babban jirgi ka bar ƙaramin mai gudu, domin shi ake fara sokewa idan iska ta taso, kuma ya fi jijjiga. A sha maganin jiri kafin a shiga, a zauna a tsakiyar jirgi, a kashe intanet ɗin waya, don a tsakiyar teku waya kan kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin mai ɗan karen tsada.

Ga yadda nake raba dare tara: biyu a gundumar Clare, biyu a Dingle, ɗaya kusa da Wexford, biyu a Pembrokeshire a kudancin Wels, biyu a Gwynedd a arewacinta. Donegal da tsaunukanta na Slieve League, da Connemara, da gaɓar Ayilan ta Arewa, a bar su sai wata shekara.

Clare da Dingle

Kuna fitowa daga tashar Dublin za ku bi ramin ƙarƙashin ƙasa zuwa titin M50, ku kama hanyar Galway. A kan M50 akwai wurin biyan kuɗin hanya da ba shi da shinge ko ma'aikaci, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, kuma dole a biya ta intanet ko a shago kafin ƙarfe takwas na daren washegari. Baƙi da yawa ba sa ma sanin sun wuce ta, sai takardar tara ta iske su a gida. Agogon gudun motarka mil yake nunawa, allunan Ayilan kuwa kilomita ne: 120 daidai yake da mil 75, 100 mil 62, 80 mil 50, 60 kuma mil 37. Tun Fabrairun 2025 aka sauke iyakar gudun ƙananan hanyoyin karkara daga 80 zuwa 60.

Ku yi cefane a Galway, akwai shagunan halal, sannan ku gangara Kinvara ko Ballyvaughan ko Doolin ku kwana. Yankin nan shi ne Burren, shimfiɗaɗɗen dutse mai tsage-tsage har bakin teku, furanni na tsirowa a cikin tsagogin. Hanyar R477 da ta zagaya ta Black Head zuwa Fanore tana cikin mafi kyawun abin da za ku gani, kuma ba sai an sauka daga mota ba, wanda ke da amfani ga mai ciwon gwiwa. Makiyayan wurin suna da wata al'ada da za ta ba Hajiya mamaki in ta san sha'anin kiwo: da sanyi suke kora shanu kan dutse, da bazara su sauko da su, akasin abin da ake yi a sauran tsaunukan Turai. Dutsen yana riƙe ɗumin rana, ƙasa ba ta yin caɓi, ruwan sha kuma da sanyi ake samunsa a sama.

Tsaunukan Moher, inda ƙasa ta yanke tsaye ta faɗa teku daga tsayin mita 214, su ne wurin da kowa ke zuwa, fiye da mutum miliyan ɗaya a shekara. A Agusta tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya da huɗu manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke cika wurin. Ku je da sassafe ko bayan la'asar, ku sayi tikiti ta intanet. Kusa da cibiyar baƙi hanya a gyare take da katanga, akwai ma ƙananan motocin lantarki da ke ɗaukar tsofaffi zuwa wurin kallo. Kada ku wuce inda katangar ta ƙare da yara. Mutane sun mutu a wannan hanyar ƙafa, har aka rufe wasu sassanta a 2024. Idan teku ya kwanta, jirgin ruwa daga Doolin yana bi ta ƙarƙashin tsaunukan, kuma a ganina daga ƙasa ne mutum ke gane girmansu. Idan kun tashi kun ga hazo ya rufe, ku juya shirin, ku je da yamma. Amfanin kwana biyu a wuri ɗaya ke nan, domin yanayin Atlantika yakan sauya sau uku kafin azahar.

Daga Clare ku nufi Killimer, ku hau ƙaramin jirgin fito da ke tsallaka bakin kogin Shannon zuwa Tarbert cikin minti ashirin, ya rage muku fiye da kilomita 100 na zagayen Limerick. Daga nan Tralee, sai Dingle.

Za a ce maka ka yi Ring of Kerry, da'irar nan mai kilomita 179. Ni Dingle nake zaɓa wa iyali. Da'irar Kerry yini guda ce a zaune a mota, a Agusta kuma kana bin bayan manyan bas-bas. Da'irar Slea Head ta Dingle ba ta kai kilomita 50 ba, amma duk abin da ake zuwa nema a yammacin Ayilan yana cikinta: hanya rataye a jikin dutse teku a ƙasa, ɗakunan dutse masu kan tulluwa da aka gina ba siminti ba laka, ƙaramin ɗakin ibada na Gallarus da ya yi ɗaruruwan shekaru ruwa bai shiga cikinsa ba, da tsibiran Blasket a gabanka. Ana bin ta ne ta hannun agogo, daga Dingle zuwa Ventry a ci gaba, don kada a yi karo da bas a inda hanya ba ta ɗaukar mota biyu. A Dunquin akwai cibiyar tarihin mutanen Blasket, waɗanda gwamnati ta kwashe na ƙarshensu daga tsibirin a 1953 bayan matasa sun watse zuwa Amurka, aka rasa masu tuƙa kwalekwale.

Ka sa yara su lura da kufan gidaje a gefen tsaunuka da layukan tsofaffin kunyoyi da ciyawa ta rufe. Sawun babbar yunwar 1845 zuwa 1852 ne. Talakawan yamma dankalin Turawa kaɗai suke ci, cuta ta kama shi shekara bayan shekara, kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu miliyan suka yi ƙaura, alhali ana ta lodin hatsi da shanu daga tashoshin ƙasar zuwa Ingila. A ƙidayar 1841 mutanen tsibirin sun haura miliyan takwas, kuma har yau ba su koma wannan adadi ba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka yamma haka Allah ya yi ta wayam, ba kowa sai tumaki.

Yammacin Dingle yanki ne da ake magana da harshen Ayilan na asali, wasu alluna da shi kaɗai aka rubuta su. Garin Dingle kansa za ka gan shi a allo da sunan An Daingean ko Daingean Uí Chúis. A ƙofar banɗaki Fir na maza ne, Mná na mata, a gaya wa kowa tun a mota. Mashigar tsaunin Conor tana da kyau amma wani sashenta mota ɗaya yake ɗauka, dutse a gefe guda rami a ɗayan. Idan ba ka iya yin ribas mai tsawo hankali kwance ba, ka hau daga ɓangaren Dingle zuwa wurin fakin na sama, ku yi kallo, ku juyo.

Ranar barin Dingle ita ce mafi wahala a tafiyar, awa biyar ko fi a sitiyari zuwa Wexford. Ku yanke ta biyu a Cobh, kusa da Cork, tashar da kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka bar ƙasar ta cikinta tsakanin 1848 da 1950, kuma nan ne jirgin Titanic ya tsaya na ƙarshe ranar 11 ga Afrilun 1912. Gidan tarihin yana cikin tsohuwar tashar jirgin ƙasa a bakin ruwa, ba hawa. Idan za ka iya ƙwato kwana ɗaya daga wurin aiki, a nan za ka sa shi, ku kwana a Kinsale.

Wels daga kudu zuwa arewa

Wels ta fi laushi. Tekun ya fi kwanciya, tafiya tsakanin gari da gari gajera ce, kuma akwai hanyar ƙafa mai mil 870 da ta bi gaɓar ƙasar duka tun 2012, don haka duk inda ka tsaya za ka iya takawa minti ashirin ka dawo. An koma mil da fam. Abin kiyayewa shi ne tun Satumban 2023 iyakar gudu a cikin yawancin garuruwa da ƙauyuka mil 20 ce, ba 30 da ka saba a Ingila ba. Inda ka ga an rubuta ARAF a kan kwalta, rage gudu ake nufi.

Fishguard, inda za ku sauka, nan ne sojojin Faransa kimanin 1,400 suka sauka a 1797, suka miƙa wuya cikin kwana biyu, kuma ana ƙirga shi a matsayin mamaya ta ƙarshe da aka kai wa babban tsibirin Birtaniya. Matan garin sun ɗinka labarin a kan doguwar saƙa mai mita 30 da ke rataye a zauren gari. Mil goma sha shida daga nan sai St Davids, birni mafi ƙanƙanta a Birtaniya, mutanensa ba su kai dubu biyu ba, babbar majami'arsa tana ɓoye cikin kwari. Ku yi masauki a wannan yanki, ku bar Tenby ta zama ziyarar yini idan kuna so, don a Agusta cike take maƙil kuma ana hana motoci shiga tsohon garin da rana. Hanyoyin Pembrokeshire suna da nasu sharrin: shingen ciyawa mai tsayi da ke gefe, a cikinsa dutse ne da ƙasa, kada ka raɓa mota da shi kana zaton ganye ne.

Tsuntsayen teku masu jan baki da ake kira puffin, waɗanda ake zuwa gani a tsibirin Skomer suna tashi kafin ƙarshen Yuli, kada ka yi wa yara alkawarinsu. Abin da Agusta ke da shi shi ne jirgin da ke zagaya tsibirin Ramsey daga St Justinian, da dabbobin ruwan da ake kira seal da ke fara haihuwa a ƙananan gaɓoɓi wajen ƙarshen wata. A hanyar A487 zuwa arewa ku tsaya a New Quay ku zauna kan katangar tashar jiragen kamun kifi. Dabbobin dolfin na mashigin Cardigan sukan zo kusa har a gan su daga tudu, kyauta, sai dai ana bukatar haƙuri. Aberaeron da gidajenta masu launi-launi wurin cin abincin rana ce, a Aberystwyth kuma akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke jan mutane zuwa kan tudu tun 1896.

Daga Dolgellau ku kama A496 ta Barmouth zuwa Harlech. Nan aka shiga ƙasar fadoji masu ganuwa da Sarki Edward na Ɗaya ya gina bayan ya ci Wels da yaƙi a 1282 zuwa 1283: Harlech, Caernarfon, Conwy da Beaumaris, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1986. Duk a bakin ruwa ya kafa su don a riƙa kawo wa sojojinsa abinci ta jirgi idan 'yan ƙasa suka yi musu ƙawanya ta tudu. A Harlech teku ya ja baya tun daga lokacin, yanzu filin yashi da gidaje ne a inda jirage ke tsayawa. Huɗun ba sai kun shiga duka ba. Harlech don kallon teku da tsaunuka, Caernarfon don girma, a nan aka naɗa Charles Yariman Wels a 1969. A kasuwar Caernarfon za ka ji yara suna wasa da harshen Wels, domin a Gwynedd kusan mutum biyu cikin uku suna jin sa, alhali a ƙasar baki ɗaya bai kai ɗaya cikin biyar ba. Mutanen yankin ba sa son a kira su Ingilishi, kuma wanda ya san tarihin ganuwoyin nan ba zai yi mamaki ba.

Tsaunin Yr Wyddfa, wanda aka fi sani da Snowdon, mita 1,085 ne, kuma jirgin ƙasa yana hawansa daga Llanberis, don haka Hajiya ma za ta iya kaiwa ƙololuwa a zaune. Tikitinsa na Agusta yana ƙarewa makonni kafin ranar.

Abinci, salla da ruwan teku

Kada ku cika kula da soyayyen nama da kilishi da dambun nama daga Manchesta. Tun da Birtaniya ta fita daga Tarayyar Turai, an hana matafiyi shiga Ayilan da nama ko madara da abin da aka yi da su, ita ma Birtaniya ta kafa irin wannan hani a kan kayan Tarayyar a Afrilun 2025. Shinkafa, taliya, yaji da ganyen shayi ba su cikin wannan. Ku kama gidan haya mai kicin maimakon otal, ya fi araha ga mutum biyar, kuma dattijuwar da ta saba da abincin gida ba za ta jure kwana goma tana cin soyayyen dankali ba. Nama a saya a Galway ko Tralee, a cinye kafin Rosslare.

A waje kifi ne mafita, amma a yi tambaya. Wasu na kwaɓa fulawar suyar kifi da barasa, wasu na suya da kitsen dabba. Romon kifi mai madara da ake sayarwa ko'ina a gaɓar Ayilan wani lokaci da naman alade a ciki. Karin kumallon gidajen kwana na gargajiya rabinsa alade ne, baƙin abin nan mai kama da tsiran Turawa kuwa da jini ake yin sa, sai ka gaya wa mai gidan tun dare ta yi muku ƙwai da kifi da burodi. Ba sa jin haushi, sun saba. A ƙananan ƙauyuka sau da yawa mashaya ce kaɗai ke sayar da dafaffen abinci da dare, don haka wanda ba ya son shiga ya ci kafin shagunan shayi su rufe wajen ƙarfe biyar.

Masallatai suna manyan garuruwa: Dublin, Galway, Tralee, Cork, sai Bangor a arewacin Wels. Ka daidaita Juma'a ta same ku kusa da ɗaya daga cikinsu. Sauran kwanaki darduma ce da buta a bayan mota, alƙibla tana kudu maso gabas. Kada ka yi aiki da jadawalin masallacinku na Manchesta. Agogo ɗaya ne, amma Dingle tana yamma sosai, rana tana karkata kusan rabin awa bayan ta karkata a can, a farkon Agusta kuma magariba tana wuce ƙarfe tara. Tafiyar ta kai ta ƙasaru, kuma a mazhabar Malikiyya niyyar zaman kwana huɗu ce ke yanke ta, ku kuwa ba inda za ku yi huɗu. Batun haɗa salloli a tambayi malami kafin a tashi.

Ko a Agusta zafi ba ya cika wuce digiri 20, iskar bakin teku kuma tana shiga ƙashi. A saya wa Hajiya rigar ruwa mai hula da takalmi mai kama ƙasa, lema ba ta da amfani a nan, iska ce ke karya ta. Yara su shiga ruwa ne kawai a inda akwai masu ceto, tsakanin tutoci masu ja da rawaya, kamar Whitesands kusa da St Davids. Gaɓar Coumeenoole da za ku gani a Slea Head tana jan hankali amma ruwanta yana jan mutum ciki, ta hoto ce kawai. Teku a nan yana cika ya janye sau biyu a yini, kuma yakan dawo ta bayan mutum ya raba shi da tudu, don haka a duba lokacin cikarsa kafin a zagaya bayan wani dutse. Idan wani abu ya faru, 999 ko 112 duk suna aiki a ƙasashen biyu, a ce a haɗa ka da masu gadin teku.

Wannan tsari na iyali ne mai tsohuwa da yara. Matasa masu ƙarfin hawan dutse zan aika su Donegal ko tsibirin Skellig Michael mai matakala kusan 600. Kai kuwa ka bi abubuwan a jere: biza tukuna, sannan tikitin jiragen ruwa irin wanda ake iya sauya ranarsa, sannan masaukin Dingle da na St Davids, domin su biyun ne ke fara cika, kuma ka zaɓi masu barin a soke ba tare da asara ba har fasfon Hajiya ya dawo hannunta.